Allon da ba allo ba

Jama'a, a gyara zama, a kashe waya! Ga Injiniya Fatihu na garin Upper Marlboro, can ƙetaren teku, gwanin kwamfuta a wani ofishi a unguwar Southwest, jarumin da girgizar ƙasar bara ba ta tashe shi daga kujera ba, amma gyaran muryar mahaifinsa kan miƙar da shi tsaye.

A gareji yake ƙera jita mai tsirkiya uku daga akwatunan katako na taba sigari. Yana da wani falanki da ya yanka daidai girman akwatin, mai ɗan wuya a sama kamar allo, da 'yan huji a jiki. Shi yake ɗorawa a kan kowane akwati ya bi da fensir, ya san inda zai huda.

Sai ga mahaifinsa, Malam Muntaka, limami a Zariya, ya zo a yi masa aikin ido. A gidansu ko tafi ba a cika yi ba, balle kiɗa, balle taba. Fatihu ya kwashe komai ya cusa a but ɗin mota. Ya manta falankin.

Ran nan ya dawo aiki ya tarar da tsohon a gareji, falankin a cinya, tawada a gefe, jikarsa Afnan a durƙushe.

"Madalla da ka tanadar mata allo. Amma wane kafinta ne ya huda shi haka?"

In Fatihu ya yi magana, asiri ya tonu. In ya yi shiru, sunan Allah zai hau katakon da ya saba kwana a kan akwatin taba. Malam ya tsoma alƙalami, ya ɗago. Tawadar ta taru a baki tana shirin ɗiga.

"Baba, kar ka rubuta! Ba allo ba ne."

Ya durƙusa ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Afnan ta sulale.

"Kana sha?"

"A'a, Baba."

"Kana bin biki kana kaɗawa?"

"Wallahi a'a. Ƙerawa kawai."

Malam ya ajiye alƙalamin. "To kafinta ne kai. Gobe ka yanko mata na gaske, marar huji."

Da na je jin ta bakin Fatihu, na tarar yana yankan allon, na ce, "Injiniya, wane darasi za ka bar wa duniya?"

Bai ko ɗago ba. "Matsa, ka tare min haske."