Ragar Ƙarfe a Hanjin Malam

Talata: Shagari zuwa Boɗinga

Ƙarfe shida saura kwata, ana idar da sallar asuba, muka bar Shagari a motar maƙwabcinmu Umaru. Mijina, Malam, limamin masallacin unguwarmu, kwanansa shida bai zaga ba. Cikinsa ya kumbura, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Tun da damina aka gano ciwon daji a babban hanjinsa.

Na ɗora kansa a cinyata. Duk ramin da muka faɗa sai ya damƙe hannuna.

A shingen Boɗinga, shida da kwata, ɗan sanda ya leƙo, ya ga fuskar Malam.

"Ku tahi, Inna. Allah shi ba shi lahiya."

Sakkwato

Bakwai da minti goma muka isa asibiti. Sai azahar likita ta gama duba hotuna, ta ce ciwon ya toshe hanya.

Malam ya ɗago kai. "Likita, in jakar bayan gida za ku maƙala mini ga ciki, ku bar ni. Da wace alwala zan ja mutane salla?"

Ta nuna mana wata 'yar ragar ƙarfe, tsawon yatsa.

"Baba, wagga za mu gwada. Ta ƙasa za a zura ta, ba yanka. In ta kai wurin sai ta buɗe, hanya ta samu. Amma ba ta kashe ciwon. Lokaci za ta ba mu, ka yi ƙarhi kahin aiki."

Ya dube ni. Na gyaɗa kai.

Laraba

Tara da rabi aka shiga da shi. Na zauna a kan tabarma a baranda, wata Bafulatana mai jinyar ɗanta ta tura mini ƙwaryar fura. Na kasa sha.

Da la'asar Malam ya nemi a raka shi bayi. Da ya fito, sai murmushin kunya: hanya ta samu. Ni kuwa kuka na yi.

Asabar: gida

Sha ɗaya muka iso. Akwai aiki a gabanmu bayan mako uku, mun sani. Na dama kunu, ya sha ludayi huɗu, ya ajiye.

"Hauwa'u," ya ce, "zamna ki huta."

Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na zauna.

Allah Ya saka wa likita, da Umaru, da mai furar da ban tambayi sunanta ba. Alhamdu lillahi.