Yatsu Uku na Hasan

Ranar Litinin ce, cikin daminar shekarar da muke shirin jarrabawar fita firamare, na koma lakol, wato makaranta, bayan sadakar bakwai ɗin Hasan. Ruwa ya kwanta a filin makaranta, muka jeru cikin taɓo muka gai da tuta, muka ɗaga dunƙulallen hannu muka yi kirarin juyin juya hali kamar kullum. Da muka shiga aji, malaminmu Metir Kojo ya buɗe littafin kiran suna, bakinsa ya suɓuce ya kira Hasan. Yara suka juyo suna dubana. Ni kuwa ina kallon wata tururuwa tana hawa ƙafar benci. Ban ji komai ba sai yunwa.

Ni da Hasan tagwaye ne, zazzaɓin kwana uku ya raba mu. A gidanmu na haya a Zongo tare muke ɗibar ruwa a famfo, tare muke kwashe ruwan sama daga tsakar gida da tsohuwar roba, tare muke noman rogo a gonar makaranta, wadda gwamnatin lokacin ta wajabta wa kowane ɗalibi. Jita ma tare muka koya. Metir Kojo ɗalibin jami'a ne da aka turo ya koyar da mu shekara guda, yana fama da nasa karatun, amma duk Laraba da yamma, lokacin da babu lakol babu allo, sai mu taka zuwa ɗakinsa a unguwar Gbégamey. Jitarsa biyu, ɗaya an maye tsirkiyarta da zaren kamun kifi. Ni nake kaɗa amon ƙasa mai kauri, Hasan yana kaɗa siririn amon da ke ɗauke da waƙar. Babanmu tela ne, ba ya son abin, musamman dogayen faratan da muke tarawa a hannun dama. Duk Juma'a sai ya ce, "Ku kawo hannuwan nan," ya yanke su da almakashinsa. Daga baya ya gaji ya ce, "To, karatu tukuna, kiɗa daga baya."

Kafin rasuwar, gidan rediyo ya zaɓe mu mu biyu za a ɗauki kiɗanmu a shirin yara. Saura mako uku. Wannan Litinin ɗin da aka tashi, Metir ya tsayar da ni a bakin aji ya ce, "Husaini, in ba za ka iya ba zan je in gaya musu." Na ce zan iya. Ban san dalilin da ya sa na faɗi haka ba, da ya ce in share aji ma amsar da zan ba shi ke nan.

Ranar Laraba ya ɗora mini jitar Hasan a cinya, ya kama hannuna ya ce, "Babban yatsa naka ne, ka ci gaba da abin da ka saba. Ukun nan kuma su yi na ɗan'uwanka." Da farko hannun ya ƙi. In babban yatsa ya motsa sai sauran su tsaya. Ya bar mini jitar na tafi da ita gida. Da safe in ɗebo ruwa ni kaɗai, in je lakol, in yi gona, da la'asar in yi lissafin jarrabawa a bayan shagon Baba, sannan in zauna a kan turmin da aka kife in yi ta maimaita layi ɗaya har fatar yatsuna ta tsage. Inna takan wuce da ƙwarya ta kau da kai. Yara suna ƙwallon tsumma a lungu, suna kirana, ina jin su kamar daga wata unguwa. Juma'a ta zo har sau uku, Baba bai nemi hannuna ba.

Ɗakin ɗaukar sauti sanyi gare shi, bangonsa duk ƙananan huji. An ajiye kujeru biyu. Wani mutum a bayan gilashi ya tambaya, da laƙabin da juyin juya hali ya ba kowa, "Ina ɗayan kamarad ɗin?" Metir ya matsa ya yi masa magana a kunne, aka fitar da kujera ɗaya. Jar fitila ta kama, na kaɗa daga farko har ƙarshe ban yi kuskure ba. Da muka fito Metir yana share ido, ni kuwa ina tunanin ko zan samu sauran ƙosai a gida.

Ranar da aka sa kiɗan a rediyo ina shagon Baba ina bitar kaye, littafin rubutuna na lakol. Ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ya saurara har ya ƙare. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wa ya kaɗa na Hasan?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya daɗe yana riƙe da bakin rigar da yake ɗinkawa, sannan ya miƙe ya fita, ya bar takalmansa a ƙarƙashin keke. Jarrabawar na ci ta. Metir ya koma jami'a, ban sake ganinsa ba.

Yanzu na yi furfura. Na yi karatu har na koyar, na ɗauki kiɗa a ɗakuna da yawa, jikokina ma da waya suke ɗaukar nasu, su goge in bai yi musu ba. An rushe gidan hayar nan an yi shaguna. Mutane kan ce kiɗana yana sa su kuka, sai in yi musu godiya. Nakan zauna in jira nawa kukan, ina ganin wata rana zai zo. Har yau bai zo ba.