Takwarorin Kakata

A gidanmu na Birnin Gwari ba a kama sunan kakata, don haka ni ma ba zan kama ba. Mata uku ne a danginmu suka ci sunanta, ita kuma ta ba kowacce tunkiya ranar suna.

Dukansu sun zama wani abu. Ta farko ungozoma ce, rabin yaran garin Kakangi a hannunta suka faɗo. Ta biyu tana lodin masara daga Gayam zuwa Kaduna, ko lokacin da direbobi ke tsoron hanyar dajin ba ta fasa ba. Ta uku ta zama kansila. Kaka kuwa, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa, in aka yabi ɗayarsu sai ta gyara zama ta ce, "Albarkar suna ce."

Sai kansila ta yi mana rijiyar burtsatse. An yi taro, an yanke ƙyalle, an tafa, amma har yau ko ɗigo bai fito ba. Awaki ne ke sosa jiki da famfon. Da matan unguwa suka fara kawo wa Kaka ƙorafi, ta tara mu ta ce ta tuna, waccan ba sunanta ta ci ba, na wata mai daddawa ne da ta rasu tuntuni.

Babana ya ce, "Inna, tunkiyar da kika ba ta fa?"

Ta ce, "Sadaka na yi."