Kwarmin da ke jikin gangar Kaka

Babana kafinta ne, kuma irin kafintocin nan da ba sa iya ganin rami a jikin katako su kau da kai. Ko gidan mutane muka je gaisuwa, za ka ga hannunsa yana shafa hannun kujera, yana neman inda aka yi ha'inci. Shekara talatin da biyu yana yin gadaje da kabad a wani shago mai ƙofa ɗaya, har ciwon baya ya hana shi ɗaga manyan katakai. Zaman banza kuwa ba ya cikin jininsa. Wata rana malamin wata makaranta ya kawo masa gangar 'yan fareti da ta yage, ya lallaɓa ya ɗaure mata sabuwar fata, ta yi ƙara. Shi ke nan, aka ga wurin kwana. Ya shiga kallon masu gyaran ganga a waya, ya koyi jiƙa fatar akuya da kankare gashinta, gidanmu ya ɗauki wari har Mama ta ce ko shi ko fatun, ɗaya zai koma shago.

Ganga biyu kacal ya taɓa gyarawa lokacin da idonsa ya faɗa kan ta Kaka.

Kaka shi ne mahaifin Mama. Makaɗi ne tun yana saurayi, gangar kuma ta mahaifinsa ce ya gada. Da idonsa ya mutu sai ya daina fita, gangar ta koma rataye a ƙusa bisa gadonsa, fatar fuska ɗaya ta tsage. Babana ya durƙusa ya roƙa a ba shi ita. Kaka ya ce, "To, Kafinta. Amma fata kawai."

"Fata kawai, Baba," in ji babana.

Ni na raka shi shago da ita, don haka ba labari aka ba ni ba. Da ya kwance igiyoyin ya ɗora icen a kan benci, sai na ga fuskarsa ta canza. Icen ya yi baƙi ƙirin da maiƙon hannu. A gefe akwai wata ƙofa da ɗan yatsa zai shiga. Kusa da baki kuma icen ya lotsa, ya yi wani kwarmi mai santsi kamar cikin cokali.

"Dubi yadda gara ta yi mata," ya ce. "Mutum kamar Baba a ce wannan ce gangarsa?"

Na tuna masa an ce fata kawai. Ya ce ai kyautatawa ba laifi ba ce, kuma idan za ka yi wa surukinka aiki, ka yi wanda za a daɗe ana faɗa. An kuwa daɗe ana faɗa.

Ya kwaɓa garin katako da gam ya toshe ƙofar. Ya ɗauki abin fere katako ya bi kewayen kwarmin yana ferewa har wurin ya daidaita da sauran jikin. Ya goge baƙin nan tas, ya shafa man da yake sa wa kujeru su yi sheƙi, har sau uku. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Da bakina na ce, "Kai, Baba, sai ka ce yau aka sassaƙa ta!" Ni na share ɓawon katakon da aka fere, na kai gida, Mama ta hura gawayi da shi.

Ranar da muka mayar da ita, babana har da sa sabuwar riga. Kaka ya karɓa ya ɗora a cinya. Ya shafa fatar ya gyaɗa kai. Sai hannunsa na hagu ya tafi bakin gangar, ya zame. Ya juya ta, ya sake lalubawa, ya sake juyawa. Sau uku yana kewaye ta da tafin hannu. Ya karɓi gula ya buga sau ɗaya, ta ce dum, kamar an bugi buhun gari.

"Aiki ya yi kyau," in ji Kaka. "Allah ya yi albarka." Ya miƙa wa Mama ya ce ta rataye.

Babana ya fito yana murmushi. Ni na tsaya kwashe kofuna, sai Kaka ya riƙo hannuna.

"Amaryata, zo ki faɗa wa mijinki gaskiya. Tawa fashewa ta yi a hannun Kafinta, ko? Ya sayo wata don kada raina ya ɓaci."

Na ce wallahi ita ce. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ke dai kin iya kare ubanki. Tawa tana da hanci, da shi take numfashi. Tana kuma da wurin da nake ajiye wuyan hannu. Kada ki gaya masa na gane, kunya za ta kama shi."

Kwana biyu ina juya maganar a cikina, rana ta uku na amayar da ita a shago. Babana yana riƙe da guduma. Ya ajiye ta a hankali, ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kan babana a sunkuye haka ba, har na yi da-na-sanin buɗe baki. Da zai iya yin shiru ya bar tsoho da zatonsa, tunda zaton ya fi gaskiyar sauƙi. Amma ya ɗauki abin huda katako ya ce in wuce mu tafi.

A gaban Kaka ya durƙusa ya faɗi duk abin da ya yi, bai rage ko ɗaya ba. Ya sauke gangar, ya huda inda ya toshe, ya hure garin. Kaka ya buga. Muryar ta dawo, har Mama ta leƙo daga tsakar gida da kumfar wanki a hannu.

Babana ya samu ɗan ƙarfin gwiwa. Ya ce, "Baba, kwarmin ma in kun nuna min wurin, zan sassaƙa shi yadda yake. Ba zai ɗauke ni awa ɗaya ba."

Kaka bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ba sassaƙa shi aka yi ba, Kafinta. Hannun babana ne ya ci wurin, shekara arba'in, nawa ya ɗora a kai. Tun da idona ya tafi, nan nake sa hannu in na tuna shi."

Babana ya tattara kayan aikinsa. Ni kuwa gawayin nan da aka hura da ɓawon icen kawai nake tunawa.

Yau shekara shida ke nan. Kaka ya rasu a shekara ta biyu, ya kuma bar wasiyya a ba babana gangar, abin da har yanzu ban san ko yafiya ce ko hukunci ba. Babana ya ƙware, daga nesa ake kawo masa tsofaffin ganguna. Kafin ya taɓa kowace, sai ya sa mai ita ya rataya ta ya buga, yana kallon inda hannu yake sauka. Abin fere katako bai ƙara hawa bencin ganga ba. Masu kawo aiki sukan ga ta Kaka a bango tana sheƙi, su ce don Allah a yi musu tasu kamar waccan.

"Waccan ita ce wadda na ɓata," yake ce musu, ya ci gaba da jan igiya.