Gefe na Biyu na Kaset ɗin Yayana

A shekarar da babbar kasuwa ta ƙone, yayana ya rasa shagonsa na sayar da kaset da duk abin da ke ciki. Daga unguwarmu ta Zongo muna hango hayaƙin tun da hantsi, mutane na ta wucewa a kan ƙananan baburan nan mobilet, wasu ko takalmi babu. Da la'asar ya dawo gida da toka a gira, ya wanke fuska ya shige ɗaki. Cikin duk abin da ya tara, kaset ɗaya kaɗai ya tsira, domin shi dama ba a shago yake kwana ba. Kullum yana cikin rikodar ɗakinsa, wadda mu a nan muke ce wa manyeto.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Shi ne ɗan fari, ni ne auta. Shi aka sa lakkwal ya koyi Faransanci da boko, ni aka miƙa wa allo, na sauke, na zama mai rubuta wa fataken Kano wasiƙu da ajami a zauren gidanmu. Idan yana son tsokanata sai ya ce mini Alaramma. Ni kuwa ban taɓa kiransa da wani abu ba sai Yaya.

Tun yana saurayi ya kamu da son wani kiɗa na mutanen karkarar Amurka, wanda ake kira kantiri. Jita ce mara lantarki da murya a kwance, mutum yana ba da labarin gona da doguwar hanya da matar da ta tafi ta bar shi. Direbobin manyan motoci da teloli su ne masu saye, ko da ba sa jin yaren. Akwai wani mawaƙi mai faffaɗar hula da Yaya ya fi so duk a cikinsu. Sai wata shekara mutumin ya fitar da sabon kaset, ya gauraya kiɗansa da wani da ake kira rok, mai jitar lantarki da ganguna masu ƙara. Gefen farko da dama-dama, ana jin muryarsa. Gefe na biyu kuwa kamar maƙera sun kaure da faɗa. Yaya ya ji haushi kamar wani na jikinsa ne ya ci amanarsa.

"Mutum Allah ya ba shi murya irin wannan, ya je ya ɓoye ta a bayan gwangwanaye," in ji shi, ranar da ya fara sa shi a tsakar gida.

Na ce, "Da gwangwanaye da babu, Yaya, duka dai kiɗa ne."

Ya ce, "Kai Alaramma, ko kukan kurciya ka ji sai ka tafi neman fatawa."

Wannan kaset ɗin ne ya tsira daga wuta. Lokacin Inna ta cika shekara ɗaya da rasuwa, Allah ya jiƙanta.

Bayan gobarar Yaya ya daina fita. Mutumin da ba ya rasa jam'in azahar sai ga shi ana kiran salla yana ɗaki, ƙofa a rufe. Ta bango nakan ji muryar mai hular nan tana tashi, sannan na ji ƙarar juya kaset, sai sautin ya yi ƙasa sosai har ba na iya rarrabe komai. Haka kullum, wata da watanni. Matarsa ta yi magana ta gaji. Ni kuma na riga na yanke hukunci a raina cewa kiɗan nan ne ya riƙe shi, shi ya hana shi salla cikin mutane, shi ya hana shi tashi ya nemi abin yi. Ban tambaye shi ba. Na ga kamar babu abin tambaya.

Da azumi ya shigo, ina da al'adar ɗaukar tafsirin da ake sawa a rediyo da safe, ina ba tsofaffin unguwa da ba sa iya zuwa masallaci. Don haka na san yadda ake yi da kaset ɗin da aka riga aka cika: akwai ƙananan ramuka biyu a samansa, idan ka toshe su da takarda sai ya karɓi sabon ɗauka, tsohon ya tafi. Wata safiya Yaya ya fita zuwa ofishin magajin gari, an ce ana rubuta sunayen waɗanda wuta ta ci shagunansu. Na shiga ɗakinsa. Na ciro kaset ɗin, na ga an yi wani rubutu da biro a jikin gefe na biyu. Boko ne, ba na karanta shi, na ɗauka sunayen waƙoƙi ne. Matarsa tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta yi lakkwal, taku biyar ne tsakanina da ita. Ban nuna mata ba, don na san za ta hana ni.

Na toshe ramukan, na ɗauki tafsiri a gefen farko, na juya na cika na biyu. Na mayar da shi inda yake. Ba zan ɓoye ba, na fito raina fari, ina lissafa wa kaina lada.

Ya dawo bayan azahar. Ina zaure na ji muryar malamin ta tashi a ɗakinsa. Na ji ya tsayar, ya juya, ya sake dannawa. Ya yi gaba da shi, ya yi baya, ya sake yin gaba. Sannan ya fito da kaset ɗin a hannu.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Yaya. Don Allah na yi, kuma don kai."

"Ka ga rubutun da ke jiki?"

"Ka san ba na karanta boko."

"Amma kana da baki." Ya ɗaga shi daidai idona, ya sa yatsa a kan rubutun. "Nan an rubuta Inna."

A tsaye ya ba ni labarin. Watanni kaɗan kafin rasuwarta, Inna ta so aika wa ƙanwarta da ke Kano saƙo, ta ce wannan karon ba ta son wasiƙa, tana son a ji muryarta. Babu sabon kaset a gida, mai tafiyar kuma yana sauri. Sai Yaya ya ɗauko wannan, ya ce gefe na biyu dama ba shi da amfani. Ya danna mata, ya fita ya ja ƙofa don ta saki jiki. Da ta gama ya saurara don ya tabbatar ya ɗauka. A tsakiyar gaishe-gaishe sai ya ji ta ambaci sunansa.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce mene ne a ciki. Inna mace ce ta dā, mai kunyar ɗan fari. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wancan take cewa, ko mai shago. Ba ta zama hira da shi, ba ta yaba masa a gabansa, idan ya kawo mata atamfa sai ta ce a ajiye. Ni auta kuwa har na yi gemu tana kirana da sunaye kala-kala tana tsokanata. Ranar nan da ta ga ita kaɗai ce a ɗaki da rikoda, sai ta faɗi sunansa cikakke, ta ce shi ne ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu, bai taɓa sa ta kuka ba, ta yi masa addu'a mai tsawo. Yaya bai aika kaset ɗin ba. Ya gaya wa mai tafiyar saƙon da baki, ya ajiye abinsa, bai faɗa wa kowa ba, har matarsa.

"Shekara arba'in da 'yan kai ina jira," ya ce. "Sau ɗaya ta faɗa. Ka samu ladanka, Alaramma?"

Bayan salla ya kwashe iyalinsa ya koma unguwar Tampouy, can nesa da mu. Na bi shi na ba da haƙuri, ya ce ya ji. Na tura limamin unguwarmu, ya tunatar da shi cewa bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku ba. Yaya ya ce, "Malam, ban ƙaurace masa ba. Duk inda muka haɗu ina yi masa sallama." Kuma gaskiya ya faɗa. A wurin suna, a wurin jana'iza, a filin idi, zai miƙo hannu ya yi sallama cikakkiya, na amsa, ya wuce. Abin da shari'a ta wajabta masa bai rage ko kaɗan ba, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Haka muka yi shekara ashirin.

Na roƙi Allah gafara iya roƙo, amma na san haƙƙin bawa sai bawa ya yafe. Wani lokacin nakan ji haushinsa, na ce ai da ya faɗa mini da haka ba ta faru ba. Sai na tuna ni ma ban tambaya ba. Duk sallar da muka haɗu nakan ce, "Yaya, me zan yi?" Sai ya wuce abinsa.

Bara, bayan ciwon suga ya ci idanunsa, ya kira ni a waya da kansa. "Ka zo gobe da hantsi," ya ce, ya kashe.

Na same shi a kan tabarma a inuwar mangwaro, ya rame, waya a kan kujera 'yar tsugunne kusa da shi. 'Yarsa ce ta nemo masa waƙoƙin kaset ɗin nan duka ta zuba a ciki.

"Zauna. Carbi na hannunka?"

"Yana nan."

"Kawo." Na miƙa masa, ya tura ƙarƙashin matashi. "Ka yanke wa abin nan hukunci ba ka taɓa jin sa ba. Yau za ka ji shi daga farko har ƙarshe, da kunnenka, ba da leɓenka yana motsi ba."

Na zauna na saurara. Ban fahimci kalma ɗaya ba. Waƙoƙin farko muryar mutumin a fili take, kamar mai ba da labarin rashi. Sannan aka shiga na ƙarar, ganguna suna dukan ƙirjina, ni da ban taɓa zama don kiɗa ba tun ina yaro. Kusan ƙarshe, wata jita ta tsala ƙara mai tsawo, sai Yaya ya ɗaga hannu.

"Nan Inna ta tsaya," ya ce. "Ta ce, to shi ke nan, a gaida yara. Sai wannan sauran kiɗan da bai goge ba ya faɗo a kai. Da, ko a raina na tuno ƙarar nan sai na ji muryarta tana gabansa."

Ya sa na mayar da wurin baya, muka sake ji. Ya karkata kai, bakinsa a ɗan buɗe. Muka sake, har sau uku.

"Me ka ji?" ya tambaye ni.

"Ƙara na ji, Yaya."

"Ni ma ƙara na ji." Ya gyara zama a kan tabarma. "Kalmomin suna nan, na haddace su. Muryar ce ta tafi, ban san yaushe ba."

Muka bari waƙar ƙarshe ta ƙare. Ya lalubo carbin ya miƙo mini ta inda yake zaton nake.

"Shekara ashirin kana tambayar me za ka yi. Ka yi. Ba ka da saura a wurina, na yafe."

Na ce Allah ya saka da alheri. Na so na ƙara zama, amma ya ce rana ta yi, kuma hanyar Zongo da nisa ga mai keke.