Jikata da littafin dodanni

Yau jikata Hanifa ta kira ni da kanta! Assalamu alaikum, jama'a.

Ina nan Guangzhou aka haife ta a Kano. Kullum daga "ina wuni" sai ta miƙa wa uwarta waya.

Ashe akwai wani katun na Japan da take bi, na yarinya mai yaƙar dodanni, aka tsaya a tsakiya. Wani ɗalibi ya ce min daga littafin zane na China aka ɗauko shi, kuma littafin ya yi gaba. Na nemo, na tura mata hotonsa, shi ne ta kira.

Ni da na koyi boko a ajin yamma da furfurata, ina ni ina rubutun China? Zanen nake nuna mata, ina ƙago zancen.

"Tsoho, me dodon ya ce?"

"Ya ce ki riƙa kiran kakanki."

"Kai Tsoho, ina ya san ka? Buɗe na gaba."

Na ce sai gobe. Kaɗan-kaɗan zan riƙa buɗewa, don ban san ko za ta sake kira ba in ya ƙare.

Ɗakina a unguwar Panyu shiru ne. Duk wanda ke kusa ya biyo bayan Juma'a ya ga littafin, zan dafa shayi.