Noman Da Na Yi Wa Maƙwabcina Bature

Gara in faɗa da bakina kafin matata Hajiya ta riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Ba ƙuruciya ba ce ta ja ni. Da hankalina da furfurata na yi shi, da kayan aikin aro a hannu.

Yanzu muna zaune a unguwar Cheras, a Malesiya, hawa na goma sha huɗu, wajen babban ɗana, wanda ba na kama sunansa ko a baki balle a takarda. Yana koyarwa a wata jami'a ta wajen Jalan Semarak. Ni kuwa karatuna a aji huɗu ya tsaya, ragowar a gona da gindin rediyo na ƙarasa shi. Da yamma nakan sauka shagon mamak, wato masu shayin garin, in sha shayinsu mai kumfa tare da ɗaliban nan namu masu digiri a kan digiri. In suka fara cika baki da ƙasashen da suka taka, sai in gyara hula in ce ni ma na yi noma a Ingila. Ba ƙarya na yi ba. Ƙarasa labarin ne dai ban taɓa yi ba.

Kafin Malesiya, a wani gari na arewacin Ingila yaron ya yi karatu. Matarsa ta haihu, ya aiko aka kai mu, muka yi wata biyar. Garin ba shi da shimfiɗaɗɗen wuri ko na shanya barkono. Ka buɗe ƙofa, ko hawa ko gangara. In ka tafi sayen burodi kamar ana tura ka, in za ka dawo kamar ka goyo dutsen niƙa. Gidajen jan bulo ne manne da juna. A ƙarshen layinmu kwalta take ƙarewa, daga nan sai katangar duwatsu da tumaki birjik, ba kowa a bayansu. Na tambayi yaron wa ke kiwonsu, ya ce katangar.

Ni ban sha wuya ba, don duk inda aka ajiye ni sai na sami wanda zan dama da surutu. Hajiya ce abin ya taɓa. Da aka gama hidimar jego sai ta koma bakin taga. 'Yar masu lambu ce, da ban ruwa a bakin rafi ta girma, ga ta yau a ɗaki tana kallon bayan gidan wasu. Abinci ta ɗanɗana ta ture. Surukarmu ta tuƙa tuwo, ta kaɗa kukar da muka zo da ita, duk a banza. Har yaron ya fara zancen a mai da mu gida kafin lokaci.

Maƙwabcinmu ne ya lura da fuskar da ke taga. Dogon tsoho ne, ya yi ritaya daga kamfanin ƙarfe, matarsa ta rasu, kunnensa ɗaya ba ya ji. Yana da 'yar gona a gefen tudu, irin waɗanda hukumar garin ke yanka wa mutane, kowa da tasa kamar faɗin tsakar gida, da bukkar katako da ɗan ɗakin gilashi. Ya gaya wa surukarmu in tsohuwa tana so, ga gefe guda a ɗakin gilashin, inda sanyi ba ya shiga. Aka samo irin alayyafo a wani shagon 'yan Asiya. Hajiya ta fara hawa tudun nan kowace safiya, rigar sanyi biyu a ƙarƙashin hijabi, tana tsayawa sau uku ta ja numfashi. Cikin mako biyu ta dawo da cin abinci, ta kuma dawo da yi mini faɗa. Da na ji faɗan na san sauƙi ya samu.

Su biyun ba mai jin yaren wani. Ta nuna ganye, ya gyaɗa kai, ya zuba mata shayi a murfin filas. Ni ne tafinta, da Turancina na rediyo, sai dai na lura sun fi fahimtar juna in na yi shiru.

Gonar tsohon tsaf take, dankali layi, albasa layi, wake ya hau sanduna. Amma can ƙasa, jikin katanga, akwai wata kusurwa da ciyawa ta kai gwiwa, furanni rawaya da shuɗi sun cakuɗe, ƙudan zuma sai kai da komo suke. Kullum na dube ta sai idona ya yi ciwo. A wajenmu in ciyawa ta ci gona, ba ciyawar ake zagi ba, mai gonar ake tambaya: ciwo ne ko lalaci? Na yanke hukunci a raina cewa tsufa ne ya hana bawan Allah sunkuyawa.

Sai aka kira shi asibiti za a yi masa aikin ƙugu. Ya ba ni mabuɗin gonar hannu da hannu, ya nuna mini butar ban ruwa, ya ce ruwa, ya sake cewa ruwa. Kada wani ya ce rashin jin Turanci ne. Na ji sarai.

Amma ku duba ta nawa ɓangaren. A ƙauyenmu in mutum ya kwanta da damina, ba sannu kawai ake kai masa ba. Gayya ake yi a nome masa gonarsa, ya tashi ya tarar da ita fes, kuma ba wanda zai ce ni na yi. Ga shi mutumin nan ya dawo mini da matata daga bakin taga, ni kuwa ba ni da abin ba shi. Alherin da aka yi maka a ƙasar da ba taka ba yana da nauyi, kullum kana neman inda za ka sauke shi. Abin da na iya a duniya shi ne noma, sai na ce da shi zan biya.

Jaririn ya yi zazzaɓin allura, Hajiya ta zauna gida kwana biyu. Su na yi amfani da su. Na tuge kusurwar nan har saiwa, na tara, na bar ta ta sha rana, na cinna mata ashana kamar yadda aka koya mini. Wata mata daga gonar gefe ta taho tana ɗaga hannuwa tana magana da sauri. Na ɗaga mata nawa hannun, na ce ba komai. Sannan na yi huɗa guda bakwai, miƙaƙƙu, waɗanda ko mahaifina ya gani ba zai sami abin gyarawa ba.

Rana ta uku Hajiya ta hau. Ta tsaya a bakin kusurwar ta daɗe, sannan ta ce, "Malam, wa ya sa ka?"

Na ce ba kowa, maƙwabtaka ce. Ta tambaye ni ko ban taɓa ganin tsohon yana kife bokiti ya zauna a gaban wurin nan kowace safiya ba, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na gani mana. Na ɗauka hutawa yake.

Tsohon ya dawo daga asibiti yana dogara sanduna biyu, yaron ya kai shi gonar a mota. Ya tsaya ya dubi huɗar nan tawa, ya duba, ya duba. Abin da ya ce kawai, aikin da yawa, ya tambaya ko bayana bai yi ciwo ba. A hanyar komawa ne ya gaya wa yaron. Shi da matarsa duk Lahadi suna hawa tuddan bayan gari, tun suna matasa. Ita ce take tsinto irin furannin daji a ambulan, ta zo ta watsa a kusurwar. Tun da ta rasu bai sa wa wurin hannu ba, su suke zubar da irinsu su sake fitowa.

Bai karɓe mabuɗin ba, bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Hajiya kuwa ta ce ba ta da idon da za ta sake kallonsa, ta daina hawa tudun, ta koma taga. Alayyafonta ya isa yanka, tsohon ya yanko ya rataye mana a ƙofa cikin leda. Ta dafa, ta kasa ci.

Ganin haka na ja yaron muka shiga gidansa, na zauna a kicin na ba da haƙuri, ba tare da kawo zancen gayya ba. Ya saurara da kunnen da ke ji. Ya ce ƙarshen bazararsu furannin tudu za su yi iri, shi kuma ƙugunsa ba ya lanƙwasuwa, yana neman mai sunkuyawa.

Haka muka hau bas wata Lahadi zuwa inda tumakin nan suke. Ni da nake dariyar Turawa masu sa manyan takalma su hau dutse ba gidan kowa za su ba, ga ni a tsakiyarsu da babbar riga, iska na neman tafiya da ni. Hajiya ta biyo mu, wai ba za a bar ni ni kaɗai ba, kada in tsinto kashin tumaki. Shi yana nunawa da sanda, ni ina sunkuyawa, ita tana riƙe ambulan. Washegari ta hau tudun gonar ba wanda ya ce mata ta hau, muka watsa irin a kusurwar.

Mun taho kafin su tsiro. Da shekara ta zagayo ya aiko wa yaron hoto a waya. Sun fito, ba da yawa kamar da ba, kuma sun bi huɗata layi-layi kamar dawa. Har yau ban san ko dariya ya yi da ya gani ba.

A nan Cheras ba tudu, lif ke hawa da mu. Hajiya ta cika barandar da tukwanen alayyafo da yakuwa, zafin garin ya karɓe su. Watan jiya za su tafi umara ita da surukarmu, kwana goma. Na gyara murya na ce ta kwantar da hankalinta, tukwane suna hannuna. Sai na ga ana kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙofar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Sin da ta yi rayuwarta a ofis. Na ce wannan cin fuska ne, manomi na kwance a gida a kai shuka wajen wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba.

Hajiya ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Shi ya sa na kai mata. Ita in an ce ta ba su ruwa, ruwa za ta ba su."